Can ƙanƙara, nan hazo

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ƙanena yana tuƙa tasi a Montreal ta ƙasar Kanada. Ya ce a lardinsu na Quebec doka ce a sa wa mota tayoyin sanyi daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris. Abin da ya fi tsoro shi ne siririyar ƙanƙarar da ke kwanciya a kan kwalta, ido bai ganinta. Ka taka birki da ƙarfi, mota ta yi ta juyi da kai. Don haka yakan rage gudu, ya bar tazara mai yawa.

Mu namu hazo ne. Ranar Talata bayan sallar asuba, wajen Na'ibawa, ko mota uku ba na hangowa a gabana. Sai ga tirela ta mutu a tsakiyar titi, ba fitila, ganye kawai aka zuba a bayanta. Ina ƙoƙarin kauce mata, wani mai Adaidaita Sahu ya sheƙo ta damana, waya a kunne. Allah ne ya kiyaye, madubina kaɗai ya tafi.

Ina roƙon hukumar kiyaye haɗurra ta riƙa duba fitilun baya na manyan motoci kafin hunturu ya kankama.

Naku,
Wani direba daga Gyaɗi-Gyaɗi, Kano