Sanarwa kan Darasinmu na Gaba: Nazarin Sararin Samaniya da Hasken Infared

Assalamu alaikum ƴan uwa masu daraja. Ana sanar da ku cewa tattaunawarmu ta gaba a wannan zaure za ta kasance a kan hasken infared, wanda ido ba ya gani amma fata take jin ɗuminsa. Masanin sararin samaniya William Herschel ne ya gano shi a shekarar 1800, lokacin da ya ajiye ma'aunin zafi gaba da jan launin hasken rana da ya rarraba da gilashi, sai ya ga zafin ya ƙaru a wurin da babu launin komai.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda wannan haske yake ratsa ƙurar sararin samaniya, har a hango jariran taurari a cikin gajimaren da ya lulluɓe su. Haka kuma hasken gungun taurari mafi nisa yana miƙewa saboda faɗaɗar sararin, ya iso gare mu a matsayin infared. Tururin ruwan da ke cikin iskar duniya yana shanye kaso mai yawa daga cikinsa, shi ya sa aka harba na'urar hangen nesa ta James Webb ranar 25 ga Disamba, 2021, zuwa nisan kusan kilomita miliyan 1.5, da madubi mai faɗin mita 6.5 da rumfa mai shimfiɗa 5 da ke kare ta daga zafin rana.

Ina roƙon kowa ya duba hotunan da ta ɗauko, ya turo tambayoyinsa kafin mu fara.