Wasiƙa daga Damagaram zuwa Grenoble

Aminina,

Gaisuwa mai yawa. Ya sanyi, ya baƙunta? Mu nan bazara ta kama gadan-gadan, da azahar duwatsun Birni ba su taɓuwa da hannu.

Na ga hoton da ka turo: dusar ƙanƙara ta sake lulluɓe tsaunukan bayan gari a tsakiyar Afrilu, ka ce Asabar za ku hau da 'yan ajinku. Abin da ya zaunar da ni rubutu ke nan. Shekara biyun da na yi a can, ban ga abin da mutanen dutse suke shakka kamar sabuwar dusa ta ƙarshen sanyi ba.

Ka tuna katangar gidanku, da aka yi sabon yaɓe kan tsoho ba a jiƙa shi ba, ya ɓare gaba ɗaya? To haka take. Tsohuwar dusa ta narke da rana, ta daskare da dare, ta yi santsi. Sabuwa ta sauka a kai, ba ta kama ba, iska kuma ta kwashe ta ta jibge a bayan tudu. Inda gangare ya kai digiri 30 zuwa 45, ranar farko da gari ya buɗe ta isa ta zaftare don kanta, ba wanda ya taka ta. Shi ya sa masu hawa ke fita da asuba su sauko kafin rana ta take. In ka ga dusar ta yi ja-ja, ƙurar Sahara ce ta bi ka har can, kuma tana ƙara mata saurin narkewa.

Ka duba sanarwar Météo-France, hukumar yanayi ta Faransa, ma'auninta na haɗarin zaftarewar dusa 1 zuwa 5 ne. Kada 3 ta ruɗe ka don tana tsakiya, a kanta aka fi mutuwa. Wanda dusa ta binne, in aka wuce minti 15 ba a tono shi ba, sai wani ikon Allah. A Val d'Isère, wani gari a tsaunukan Faransa, cikin Fabrairun 1970, mutum 39 ta kashe, galibi matasa, suna karin kumallo a cikin gida.

Ni dai a ganina ku ɗaga tafiyar, dusar ta kwanta tukuna. In kun ƙi, ku ɗauki ɗan jagora, kowa da shebur, sandar bincike da na'urar nemo wanda aka binne.

Na je gaida Inna jiya a Zango. Ban nuna mata hoton ba. Kilishinka na hannuna, mai tafiya nake jira.

Naka har kullum.