Zuwa ga ɗana: kafin a kore su, sai da aka tufatar da su

Ɗana ƙaunatacce,

Gaisuwa mai yawa a cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata kana lafiya kamar yadda muke. Mahaifiyarka da ƙannenka suna gaishe ka.

Bayan gaisuwa, tambayar da ka yi mini ce ta sa na zauna rubuta wannan wasiƙa. Ka ce in dai Allah mai jinƙai ne, me ya hana shi yafe wa Adamu da Hauwa'u, har ya kore su daga gonar Aidan a kan ɗan itace ɗaya? Tambaya ce mai nauyi, kuma na ji daɗi da ka kawo mini ita maimakon ka bar ta tana cin ka a ciki. Ka buɗe Farawa sura 3, mu bi ta tare a hankali.

Ba ɗan itacen ne girman laifin ba. An sakar musu dukan itatuwan gonar, ɗaya tak aka hana su. Maciji ya zo ya ce ba za su mutu ba, sai ma su zama kamar Allah, suka gaskata shi, suka ƙaryata wanda ya halicce su. Hukuncin da ya biyo baya kuwa ba na wasa ba ne: mace za ta haihu da shan wuya, ƙasa za ta tsiro da ƙaya da sarƙaƙiya, namiji sai ya yi gumi zai ci, ƙarshensa ya koma turɓayar da aka ɗauko shi. Manzo Bulus ya faɗa a Romawa 5:12 cewa ta wurin mutum ɗaya zunubi ya shigo duniya, mutuwa kuma ta biyo shi ta bi kan kowa. Duk mai wa'azin da ya sassauta maka wannan don ka ji daɗi, cutar ka ya yi. Kowace makabarta shaida ce cewa Allah bai janye maganarsa ba.

To, amma dubi yadda abin ya gudana. Sun yi zunubi, sun ɓuya a cikin itatuwa, Allah ne ya tako ya zo nemansu. Maganarsa ta farko tambaya ce: “Ina kake?” Wanda ya dasa gonar bai rasa sanin inda suke ba, ƙofa ya buɗe musu su fito su faɗi gaskiya. Ya tambayi Adamu, ya tambayi Hauwa'u, maciji kuwa ko kalma ɗaya bai tambaye shi ba, hukunci kawai ya yanke masa. Abin da ke ba ni tausayi shi ne amsar Adamu. Ya ce matar da ka ba ni ce ta ba ni na ci. Da magana ɗaya ya ɗora wa matarsa, ya kuma shafa wa Allah. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ka karanta surar daga farko har ƙarshe, ba za ka ga inda ɗayansu ya durƙusa ya roƙi gafara ba. Ke nan duk jinƙan da za ka gani a gaba, ba roƙonsu ne ya jawo shi ba.

Lura kuma, maciji aka la'anta, aka la'anta ƙasa saboda mutum, amma Allah bai furta la'ana a kan Adamu ko Hauwa'u ba. A tsakiyar hukuncin macijin ma, tun kafin a juyo kansu, aya ta 15 ta ce zuriyar macen za ta ƙuje kansa, shi kuma ya sari diddigenta. Tun zamanin iyayen ikkilisiya na farko Kirista suke ganin Almasihu a wannan aya. Sun ji alkawarin ceto kafin su ji nasu hukunci.

Aya ta 21 ce na fi so ka daɗe a kanta. Da idanunsu suka buɗe, sun ɗinka ganyen ɓaure sun ɗaura a ƙugu. Ka yi tunanin ganyen da aka tsinke da safe: kafin yamma ya yi yaushi, washegari ya bushe, ɗinkin ya ɓalle, ga shi za su fita zuwa ƙasa mai ƙaya. Sai Ubangiji Allah da kansa ya yi musu riguna na fata ya sa musu. Bai aiko mala'ika ba, bai kuma jefa musu ya juya baya ba. Wanda aka yi wa laifin shi ne ya rufe kunyar masu laifin. Fata kuwa ba ta samuwa sai rai ya tafi, shi ya sa malamai da yawa suke hango hadayar gicciye tun daga nan.

Har korar da ta dame ka, akwai jinƙai a cikinta. Dalilin yana aya ta 22: kada mutum ya miƙa hannu ya ci daga itacen rai ya rayu har abada. Ireniyos, bishop na birnin Liyon a ƙasar Faransa ta yau, ya rubuta tun a ƙarni na 2 cewa tausayi ne ya sa Allah ya nisanta mutum da itacen, don kada ya dawwama cikin zunubi, mugunta ta zama ba ta da ƙarshe ba ta da magani. Ni ma haka na gani. Rai madawwami da ruɓaɓɓiyar zuciya azaba ce wadda ba ta da ranar ƙarewa. Kerubobi, wato mala'ikun da Allah ya sa gadin gonar, da takobin wuta sun tsare hanyar itacen ne har lokacin da Mai Ceto zai buɗe ta.

A waje ma Allah bai yar da su ba. Adamu ya yi shekara 930 a duniya. Da ɗansu Kayinu ya kashe ɗan'uwansa Habila, an hukunta shi, aka kuma sa masa alama don kada wani ya kashe shi. Adamu yana da shekara 130 aka ba su Shitu, kuma ta zuriyarsa Luka ya bi asalin Yesu. Ƙayar da ƙasa ta tsiro saboda Adamu, ita aka saƙa aka ɗora a kan Yesu ranar da aka gicciye shi. Shi ya sa Bulus ya iya cewa a Romawa 5:20, inda zunubi ya yawaita, alheri ya fi shi yawaita.

Ɗana, ni na haife ka, na kuma san muryarka. Ina jin ba Adamu kaɗai ne a ranka ba lokacin da ka yi tambayar nan. Ba zan matsa maka ka faɗa mini ba. Amma in akwai abin da ka aikata da yake sa ka guje wa addu'a da majami'a, ka daina ɓuya. Ka faɗa wa Allah laifin da sunansa, kada ka raɓa shi ga aboki ko talauci ko Shaiɗan. In ka cuci wani, ka je ka same shi ka biya abin da za ka iya biya. Kada kuma ka zaci gafara za ta share duk abin da laifin ya jawo. Annabi Natan ya gaya wa Dawuda cewa Ubangiji ya kawar da zunubinsa, duk da haka yaron da aka haifa masa ta zinar da ya yi da matar Uriya ya mutu, takobi kuma bai rabu da gidansa ba. Idan irin wannan ya same ka, kada ka ɗauka Allah ya ƙi ka, domin Ibraniyawa 12:6 ta ce wanda Ubangiji yake ƙauna shi yake horo.

Ka karanta Zabura 51 a daren nan, da ƙarfi, a kan gwiwoyinka. Ranar Lahadi bayan sujada zan kira ka, ka ɗauka ko da ba ka shirya yin magana ba. Ni da mahaifiyarka muna ambaton sunanka a addu'a kowace safiya.

Ni ne,
Mahaifinka