Finafinan samartaka na Faransa da hutun watan Agusta

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni ɗan fili a wannan jarida domin in yi tsokaci a kan wani nau'in finafinan Faransa da ɗalibaina suke yawan tambayata a kansa, wato waɗanda ke ba da labarin saurayi da budurwa da suka haɗu a bakin teku lokacin hutun bazara, so ya ƙullu, sannan hutu ya ƙare kowa ya kama gabansa. Mutanenmu da ke cin karo da su a tashoshin tauraron ɗan Adam sukan yi musu kuɗin goro su ce duk batsa ce, alhali kuwa akwai buƙatar a bambance aya da tsakuwa.

Bazarar Bafaranshe ba irin tamu ba ce da ake neman inuwa ana addu'ar saukar damina, domin shi jiranta yake yi tun cikin hunturu. A shekarar 1936 gwamnatin Léon Blum ta ba ma'aikata hutun mako biyu tare da albashi, aka yi ta ƙarawa har ya kai mako biyar a 1982, makarantu kuma suna rufewa a watannin Yuli da Agusta. Iyalai sukan kwashe su koma garuruwan gaɓar teku, matashi ya tsinci kansa cikin baƙin fuskoki, ga shi ya san ranar komawa gida tun kafin ya kwance kayansa. Wannan ƙurewar lokaci ce ke sa soyayyar cikin finafinan ta zo da zafi da gaggawa.

Wanda ya fi kowa iya wannan fanni a ganina shi ne darakta Éric Rohmer. A fim ɗinsa Pauline à la plage na 1983, yarinya 'yar shekara 15 ta bi wata 'yar uwarta da ta girme ta zuwa gaɓar Normandi, inda manya suke zama suna zuba falsafa a kan so, washegari kuma su yi wa juna ƙarya. Wani magidanci da asirinsa ke shirin tonuwa sai ya ɗora laifinsa a kan saurayin yarinyar, ita kuwa tana kallo tana auna kowa, har mai kallo ya gane cewa ƙaramar ta fi su hankali. A Conte d'été na 1996, wani saurayi a garin Dinard ya yi wa 'yan mata uku alkawari, da ya rasa mafita sai ya fake da zuwa sayen na'urar naɗar sauti ya shiga jirgin ruwa ya tsere. Yawancin fim ɗin tafiya ce a kan rairayi da hira, amma duk wanda ya taɓa yin ruwan ido zai ga kansa a ciki. Irin waɗannan ayyuka marasa hayaniya suna rayuwa ne saboda hukumar finafinai ta CNC, wadda aka kafa a 1946, tana cire kaso daga kuɗin kowane tikitin silima, har na finafinan Amurka, ta tallafa wa masu shiryawa na gida.

Sai dai masu ƙorafi ma suna da hujjarsu. Akwai daraktocin da suka mayar da labarin balaga wata kafa ta ƙura wa jikin ƙananan 'yan mata kyamara da sunan fasaha, kuma Faransawa da kansu sun fara tuhumar wannan al'ada. A 2021 aka yi dokar da ta ɗauki saduwar babba da wanda bai kai shekara 15 ba a matsayin fyaɗe, idan tazarar da ke tsakaninsu ta kai shekara biyar. A Fabrairun 2024 jaruma Judith Godrèche ta tsaya a bikin kyautar César, wato babbar lambar yabo ta finafinan Faransa, ta ƙalubalanci masana'antar a kan shirun da take yi game da cin zarafin ƙananan 'yan wasa, daga baya majalisar dokoki ta kafa kwamitin bincike wanda ya fitar da rahotonsa a Afrilun 2025.

Roƙona ga marubutanku na shafin nishaɗi shi ne, idan za su yi sharhin fim irin wannan, su faɗi wanda ya shirya shi, da shekarar da ya fito, da shekarun da aka ƙayyade wa masu kallonsa, domin iyaye da malamai irina mu san wanda za mu nuna a aji da wanda za mu kawar.

Naku,
Wani malamin Faransanci, Damagaram