A riƙa ware kuɗin sabunta manhaja tun a takardar kwangila

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili a jaridarka in yi magana da masu makarantu da asibitocin kuɗi da ke ba mu aikin gina musu manhaja.

Sana'ata rubuta manhaja, kuma da Django nake aiki, ginshiƙin nan na kyauta na gina shafukan intanet da aka rubuta da harshen kwamfuta na Python, wanda kowa ke iya buɗe cikinsa ya gani. Kwanan baya wata makaranta ta kira ni, shafin duba sakamakon ɗalibai ya tsaya cak. Da na duba, sai na tarar yana kan zubin Django mai lamba 3.2, wanda ya fito a Afrilun 2021, aka kuma daina toshe masa ɓarakar tsaro tun Afrilun 2024. Wanda ya gina ya karɓi kuɗinsa ya yi gaba, ba wanda ya sake waiwayarsa. Ga sunayen yara a ciki, ga hotunansu, ga lambobin wayar iyayensu. Wallahi abin ya tsaya mini a rai.

Masu Django ba sa yi wa kowa bazata. Kusan duk wata takwas suke fitar da sabon zubi, duk shekara biyu kuma a fitar da na dogon zango, LTS, wanda ake kula da shi shekara uku. Kafin su cire wani abu sai sun yi gargaɗi: tun a 3.1 suka sanar za a daina amfani da url(), wani umarni na tsara adireshin shafuka, sai a 4.0 suka cire shi.

Wajen gyaran shafin makarantar, ban yi tsalle ɗaya zuwa 5.2, zubin dogon zangon da nake son kaiwa, ba, domin da komai ya rushe ban san inda ya fara ba. Na bi 4.0, 4.1, 4.2 ɗaya bayan ɗaya, ina karanta bayanin kowane zubi, ina gwaji a kwafi kafin in taɓa ainihin shafin. Da na isa 5.0, wanda ba ya karɓar Python da bai kai 3.10 ba, sai da aka sabunta sabar ma, wato kwamfutar da shafin ke zaune a kai. Kwana tara na yi, aikin da in da an yi shi a kan lokaci da kwana biyu ya isa.

Makarantar nan ba ta fashin juyen man janaretanta. Haka nake roƙon a yi wa manhaja: a rubuta kuɗin kulawar shekara-shekara a takardar kwangila. Mai makaranta ya tambayi wanda ya gina masa, a kan wane zubi muke, yaushe wa'adinsa zai ƙare? Na 4.2 Afrilun 2026 ne, na 5.2 kuwa Afrilun 2028.

Naka,
Wani mai rubuta manhaja, Kano