Wasiƙa Zuwa ga Ɗana Ishaku

Ɗana ƙaunatacce,

Ina gaishe ka a cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, da fatan kana lafiya kamar yadda muke a nan gida. Dalilin wannan wasiƙa shi ne labarin da mahaifiyarka ta kawo mini daga Kaduna, cewa ka fasa tafiyar aiki zuwa Jos domin man shafewar da ka sayo a wurin wani taron addu'a ya ƙare, kuma ka liƙa hoton mai wa'azin a gilashin motarka kana cewa shi ne kariyarka a hanya. Na san ba ka bar zuwa sujada ba, na kuma san za ka ji nauyin kalmar idan na ce bautar gumaka, amma ina roƙonka ka karanta har ƙarshe kafin ka ba ni amsa.

Buɗe Littafin Ƙidaya sura 21. Lokacin da macizai masu dafi suka faɗa wa Isra'ilawa a jeji, Allah da kansa ne ya umarci Musa ya ƙera maciji ya ɗora shi a bisa sanda, Musa ya yi shi da tagulla, duk wanda aka sara kuwa idan ya dube shi sai ya rayu. Babu aibi a cikin wannan maciji, har Ubangiji Yesu ya kwatanta ɗaga shi da za a yi a kan gicciye da ɗaga macijin nan a Yohanna 3:14. Amma bayan ɗaruruwan shekaru, 2 Sarakuna 18:4 ta nuna mana jama'a suna ƙona masa turare, sai da sarki Hezekiya ya farfashe shi, aya ta gaba kuma ta yabe shi da cewa ya dogara ga Ubangiji fiye da sauran sarakunan Yahuza. Abin da nake so ka lura da shi ke nan, ɗana: gunkin mai bi ba kasafai yake zuwa daga wajen ikkilisiya ba. Yawanci abu ne mai kyau wanda Allah ya taɓa amfani da shi, sai zuciya ta manne masa ta manta da wanda ya bayar.

Ban ce shafa mai zunubi ne ba. Yaƙub 5:14 ta ce marar lafiya ya kira dattawan ikkilisiya su yi masa addu'a suna shafa masa mai da sunan Ubangiji, aya ta 15 kuwa ta ce addu'ar bangaskiya ce za ta warkar da shi. A nan babu ciniki, babu kwalbar da ake ajiyewa a aljihu domin tsoron hanya. Ka tuna da Siman a Samariya, wanda ya miƙa wa manzanni kuɗi domin ya sayi baiwar Allah, da irin tsawatarwar da Bitrus ya yi masa. Ka tuna da Bulus da Barnaba a Listira, da aka kawo bijimai za a yi musu hadaya bayan warkar da gurgu, suka kyakketa tufafinsu suna kira cewa su ma mutane ne kamar kowa. Bawan Allah na gaskiya ba zai ji daɗi ba idan ya ga an mai da hotonsa garkuwa.

Ba ka tarar da kakanka da ƙarfinsa ba, amma ni na ga hannuwansa da idona. Kafin bishara ta iso ƙauyenmu a ƙasar Malumfashi, shi ne mai yanka wa gida zakara a gindin tsamiya kafin shuka, damtsensa cike da kambuna, ƙugunsa da guru, har fatar wurin ta yi kanta. Ranar da zai karɓi baftisma ya kwance su ɗaya bayan ɗaya, ya zuba a wuta a gaban 'yan'uwansa, waɗansu suna kuka suna cewa ba zai ga girbin bana ba. Ya ga girbi mai yawa bayan haka, ya kuma sha wahala iri-iri, har da rashin 'ya'ya biyu, amma bai sake ɗaura kome ba. Abin da ya ƙona a ranar nan tsoro ne da dogara ga abin hannu, kuma yana ɓata mini rai ƙwarai in ga jikansa yana sake ɗaura su da sunan Yesu a baki.

Ga ma'aunin da zan ba ka: duk abin da rashinsa yake hana ka gaskata cewa Allah yana tare da kai, ya riga ya hau kujerar da ba tasa ba. Ka auna kwalbar da shi, ka auna albashinka, da maigidanka a wurin aiki, da wayar da kake fara dubawa da asuba kafin ka durƙusa. Bulus ya kira kwaɗayi bautar gumaka a Kolosiyawa 3:5, Ezekiyel 14:3 kuma ta yi maganar dattawan da suka kafa gumaka a cikin zukatansu alhali suna zuwa neman maganar Ubangiji. Saboda haka ina shawartarka ka cire hoton nan, kada ka sake sayen man, ka mai da farkon ranarka ga karatun Littafi Mai Tsarki da addu'a ko da na ɗan lokaci ne. Idan tsoro ya dame ka, ka je wurin faston ikkilisiyarku da dattawa ka faɗa musu a fili, su yi addu'a tare da kai.

Mahaifiyarka da ƙannenka suna gaishe ka. Muna sa ranka a lokacin Kirsimeti, kuma ina so mu zauna ni da kai mu karanta 2 Sarakuna 18 tare, in ji abin da kai ma ka fahimta.

Ni ne mahaifinka mai ƙaunarka.