Shuka na'a-na'a da citta a gida: inda ake kuskure

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarka mai farin jini in yi magana da matan gida da magidanta a nan Bauchi, waɗanda suke sayen na'a-na'a da ɗoɗɗoya a kasuwar Wunti ko Muda Lawal, su kai gida su dasa, kafin sati biyu shukar ta mutu, sai a ce hannun mai gida ne ba ya karɓar shuka. Hannu ba ruwansa. Yawanci abu biyu ne ke kashe ta: yawan ruwa da ƙarancin rana.

Mu fara da mazubi. Bokitin fenti, tsohuwar jarka da aka yanke, buhun siminti da aka wanke ko tukunyar ƙasa, duk suna yi, muddin an huda gindinsu wuri huɗu ko biyar. Mazubin da ba huda rami ne na ruɓar saiwa. Tukunyar ƙasa ta fi, domin tana numfashi kuma ba ta ɗaukar zafi kamar baƙar roba a watan Maris da Afrilu. A haɗa kwano biyu na ƙasar lambu, kwano ɗaya na yashi, kwano ɗaya na takin awaki ko na shanu wanda ya ruɓe sosai har ya daina wari. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa. Laka zalla kuma in ta bushe takan daskare, ruwa ya riƙa bin gefe yana zuba ƙasa bai jiƙa komai ba.

Batun ajiye shuka a cikin ɗaki kuwa, a gaskiya tagogin gidajenmu ƙanana ne, ga labule, ga raga. Shukar da ba ta samun rana ta awa biyar zuwa shida takan yi tsawo siririya, ganyen ya koɗe, ƙamshin ya tafi. A ajiye ta bakin taga mai fuskantar gabas, ko a baranda, ko gefen tsakar gida inda hantsi ke bugawa amma inuwa ta rufe bayan azahar. In akwai awaki da kaji, a ɗora kan benci.

Na'a-na'a ba ta buƙatar iri. A zaɓi reshe mai lafiya, tsawon yatsa da rabi, a cire ganyen ƙasa, a tsoma a kofin ruwa, ana canza ruwan bayan kwana biyu. Cikin kwana 7 zuwa 10 saiwa za ta fito, sai a dasa. A ba ta mazubinta ita kaɗai, domin tana yaɗo ta ƙarƙashin ƙasa ta danne duk abin da ke kusa. Ɗoɗɗoya ma haka ake dasa ta, amma a riƙa tsinke kanta da zarar ta fara fure. In aka bar ta ta yi iri, ganyen zai ragu.

Citta ce mai son haƙuri. A samo ɗanya mai ido, a yanka gunduwa-gunduwa, kowace da ido ɗaya ko biyu, a bar ta kwana ɗaya ko biyu bakin yankan ya bushe, sannan a binne zurfin gaɓar yatsa biyu a mazubi mai faɗi. Farkon damina ne lokacinta, ba ta son rana mai ƙuna, kuma sai ta yi wata 8 zuwa 10, ganyen ya fara rawaya, kafin a tone.

Kafin a ba shuka ruwa, a tura yatsa cikin ƙasar. In da danshi, a bari sai gobe. Da bazara takan so ruwa kullum da sassafe. Da damina mazubin da ke waje yakan yi kwanaki bai buƙata. Da hunturu iska ke busar da ganye, don haka a matsar da shi jikin katanga, a riƙa yayyafa ruwa ana wanke ƙura. Ruwan alwala yana da kyau, ruwan wanki mai omo kuwa yana kashe shuka a hankali. Wani abin da ake mantawa shi ne farantin da ake sa wa a ƙarƙashi: ruwan da ya kwanta a ciki gidan sauro ne, a zubar da shi kullum. In ƙananan ƙwari suka maƙale a bayan ganye, a daka 'ya'yan dogon yaro cikin hannu ɗaya, a jiƙa a lita ɗaya ta ruwa ya kwana, a tace, a fesa da yamma. Kada a fesa maganin ƙwarin gona a ganyen da za a sa a shayi.

Amfaninsu ga lafiya yana nan, amma da iyaka. Ganyen na'a-na'a goma a kofin ruwan zafi, a rufe minti biyar, yana sauƙaƙa kumburin ciki. Sai dai mai fama da ƙwannafi ya guje ta, domin tana ƙara shi. Citta tana rage tashin zuciya, amma mai juna biyu ta tsaya kan kaɗan, wanda kuma yake shan maganin tsinka jini ya tambayi likitansa tukuna. Jariri ƙasa da wata shida ba a ba shi kowane jiƙo, nonon uwa kawai. Zazzaɓi kuwa, musamman ga yaro da damina, a je a yi gwajin maleriya a ranar, kada a zauna ana dafa ganye. Mai ciwon suga ko hawan jini ya sha shayinsa, amma kada ya ajiye maganin asibiti.

Na gode, Malam Edita.

Daga wani malamin gona,
Yelwa, Bauchi.